Katafaren Jirgi, Ƙarami, Ko Na Kogi: Wanne Za Ka Hau In Ana Annoba?

Yayana ne ya jawo wannan magana. Ya kira ni bayan isha'i ya ce yana so ya kai Hajiya yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, irin wanda ake kwana a ciki ana zaga garuruwan bakin teku. Tun da ta ga hoton wata aminiyarta a saman irin wannan jirgi ba ta da zance sai nasa. Dillalin tafiye-tafiyen da Yaya ke hulɗa da shi ya jera masa uku: katafaren jirgi mai ɗaukar dubban mutane da ke zagaya Bahar Maliya ko Tekun Fasha, ƙaramin jirgi na masu hannu da shuni mai ɗaukar mutum ɗari ko ɗari biyu a doguwar tafiya, sai jirgin Kogin Nilu da ke kai-komo tsakanin Luksor da Aswan a Masar.

"Ni dai ƙaramin ya fi kwanta mini," in ji Yaya. "Mutane kaɗan, cuta kaɗan. Ka san jikin Hajiya."

Na san shi kuwa. Ta haura saba'in, ga suga ga hawan jini. Na ce, "Yaya, ka ba ni kwana biyu tukuna, kada ka biya ko sisi."

Korona ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kanta tun 5 ga Mayu 2023. Amma annoba ba ta sallama kafin ta shigo gida, kuma shekarun da jiragen nan suka yi suna fama da korona sun bar sunaye da alƙaluman da mutum zai iya auna zaɓinsa da su. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga girman jirgi ba shi ne abin fara dubawa ba. Abin dubawa shi ne ranar da mutum ɗaya ya fara tari da zazzaɓi a tsakiyar ruwa: awa nawa ne tsakaninku da asibiti na gaske, wace ƙasa ce za ta yarda ku sauka, kuma a wane irin ɗaki za a kulle ka kafin nan.

Katafaren jirgi, gari guda a kan ruwa

Tsoron da Yaya yake ji yana da tushe, sunansa Diamond Princess. Jirgin ya tashi daga Yokohama ta ƙasar Japan ranar 20 ga Janairu 2020. Wani dattijo ɗan shekara 80 ya sauka a Hong Kong ranar 25, aka tabbatar yana ɗauke da korona ranar 1 ga Fabrairu, lokacin jirgin yana hanyar komawa gida. Da ya iso Yokohama hukuma ta hana kowa sauka, aka rufe fasinjoji a ɗakunansu daga ranar 5 ga Fabrairu har kwana 14. Mutum 3,711 ne a ciki, fasinja 2,666 da ma'aikata 1,045. Kafin ƙura ta lafa 712 sun kamu, aƙalla 13 sun rasu, galibinsu tsofaffi. Akwai lokacin da in ka cire ƙasar Sin, babu wani wuri a duniya da ya kai wannan jirgi ɗaya yawan masu cutar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne ma'aikata. An kulle fasinja a ɗaki, to wa zai kawo masa abinci sau uku a rana? Wa zai kwashe shara, wa zai kai tawul da magani? Ma'aikatan ba a killace su ba, don in an killace su jirgin ya tsaya cik. Suna kwana biyu-biyu ko fiye a 'yan ƙananan ɗakuna can ƙasan jirgi, suna cin abinci a zaure ɗaya, gari ya waye su hau sama su bi ƙofa-ƙofa. Binciken da aka yi a kan ma'aikata 20 na farko da suka kamu ya nuna 15 daga cikinsu masu aikin abinci ne. Wani ƙwararren likitan cututtuka masu yaɗuwa daga Jami'ar Kobe, Kentaro Iwata, ya shiga jirgin ranar 18 ga Fabrairu, ya fito ya yi bidiyo yana kukan cewa babu wata iyaka tsakanin inda cutar take da inda babu ita. An dai garƙame ƙofa ne ɓarawo yana cikin ɗaki.

Ma'aikatan nan kuma su ne gadar da cuta ke bi daga tafiya zuwa tafiya. Fasinjoji suna sauka duk mako a ɗebi sababbi, su kuwa watanni suke yi a ciki. Haka aka gani a Grand Princess a gaɓar Kalifoniya cikin Maris 2020, inda cutar ta tsallaka daga tafiyar da ta gabata zuwa ta gaba. Saboda haka in kamfani yana yi maka tallan yadda yake feshin magani a ɗakin fasinja, tambaye shi yadda yake da ma'aikatansa: ana gwada su, ana yi musu rigakafi, kuma in ɗaya ya kwanta akwai inda ake keɓe shi ba tare da an yanke masa albashi ba?

Sauran raunin katafaren jirgi kowa zai iya hasashensa. Layin shiga jirgi, cunkoson lif, zauren wasanni da babu taga, da wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka inda hannu dubu ke taɓa ludayi ɗaya.

Sai dai a yi masa adalci. Katafaren jirgi yana da ɗan asibiti a cikinsa: likita biyu ko fiye, ma'aikatan jinya, ɗakin gwaje-gwaje, injin hoton ƙirji, iskar oksijin, da gadon kulawa ta musamman. Ba asibitin koyarwa ba ne, aikinsa ya riƙe mara lafiya da rai har a kai shi tudu, amma ga mai suga da hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana kuma da ɗakuna da yawa, don haka zai iya ware wani sashe gaba ɗaya ya bar shi fanko domin killacewa. Kuma manyan jiragen sun nuna cewa in an tsaurara doka ana iya tafiya. Ranar 16 ga Agusta 2020, tun ba a fara yi wa jama'a rigakafi ba, MSC Grandiosa ya tashi daga Genoa ta Italiya da ragin fasinjoji, an yi wa kowa gwaji a tasha kafin ya taka jirgi, kuma ba a sauka gari sai cikin ayarin da kamfani ya shirya. A Naples wasu iyali suka zame daga ayari suka yi gaban kansu. Da suka dawo aka ce ba za su hau ba, jirgi ya tafi ya bar su. A lokacin wasu sun ga an yi tsanani. Ni kuwa irin kamfanin da nake nema wa Hajiya ke nan.

Ƙaramin jirgi: mutane kaɗan, amma fa

A nan lissafin Yaya ya karye. Greg Mortimer ƙaramin jirgi ne na zuwa yankin ƙanƙara na Antatika. Ya tashi daga Ushuaia ta Ajantina a tsakiyar Maris 2020, an auna zafin jikin kowa kafin ya hau, babu mai zazzaɓi. A rana ta takwas mutum ɗaya ya fara. Da aka zo aka gwada mutum 217 da ke ciki a gaɓar Montevideo ta Yurugwai, 128 sun kamu. Kusan shida cikin kowane goma ke nan, alhali a Diamond Princess mai dubbai abin bai kai biyu cikin goma ba. Kuma 104 daga cikin waɗanda suka kamu ko tari ba su yi.

Dalilin ba boyayye ba ne. A ƙaramin jirgi zauren cin abinci ɗaya ne, falo ɗaya ne, kowa ya san kowa, kwana uku an zama 'yan uwa ana hira kafaɗa da kafaɗa. A katafaren jirgi kana iya yin mako ba ka haɗu da kashi tara cikin goma na mutanen ciki ba. A ƙarami babu wanda ba za ka shaƙi numfashinsa ba.

SeaDream I ma haka. Fasinja 53 ne kacal da ma'aikata 66, ya tashi daga Barbados a Nuwamba 2020, an gwada kowa tun daga gida an sake gwadawa a bakin tasha. Sai aka saki jiki, ba a wajabta takunkumi ba da farko. Kwanaki kaɗan cutar ta ɓulla, jirgi ya juya. A Norwe kuwa, Roald Amundsen na kamfanin Hurtigruten ya sauke fasinjoji a Tromso a ƙarshen Yuli 2020 alhali akwai marasa lafiya a cikin ma'aikata. Gommai suka kamu, shugaban kamfanin ya fito ya nemi afuwa a bainar jama'a.

Ga kuma batun likita. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta aikin ma'aikatan ruwa ta 2006 ta wajabta likita ne ga jirgin da ke ɗauke da mutum 100 ko fiye a tafiyar ƙetare da ta wuce kwana uku. Ƙananan jirage na alfarma sukan ɗauki likita ko da doka ba ta tilasta ba, amma galibi shi kaɗai ne ko shi da ma'aikacin jinya ɗaya. In mutum goma suka kwanta dare ɗaya, ko shi likitan ya kamu, shi ke nan. Ƙari a kan haka, abin da ake sayarwa a irin wannan tafiya shi ne nisa: tsibiran da babu kowa, gaɓar da manyan jirage ba sa zuwa. Daɗin abin ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Jirgi mai saukar ungulu yana da iyakar inda zai iya kaiwa.

Ba na cewa ƙaramin jirgi ba shi da amfani. Yiwuwar a shigo da cutar tun farko ta fi ƙanƙanta in mutum ɗari ne suka hau maimakon dubu biyar, babu dogon layi, kuma ana yawan zama a fili. Matashi mai ƙoshin lafiya da zai bi gaɓar ƙasa ɗaya a ƙaramin jirgi bai yi wauta ba. Amma in ta shiga, ta shiga ke nan.

Na kogi

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Jirgin Nilu ma bai tsira ba: a farkon Maris 2020 an sami mutum 45 da cutar a jirgi ɗaya a Luksor, ma'aikata da baƙi. Galibin jiragen ba su da asibiti a ciki, daga gari ake kiran likita, kuma ciwon ciki daga ruwa ko ɗanyen ganye ya fi komai damun baƙi a can. Amma yana da abin da sauran biyun ba su da shi: kullum kana ganin gaɓa da idonka. Ƙasa ɗaya ce, biza ɗaya, hukuma ɗaya. Luksor da Aswan duk suna da asibitoci da filin jirgin sama, tafiyar kwana uku ce ko huɗu, kuma yawancin yini ana saman jirgi ne a fili ko a tudu ana kallon kayan tarihi. In abu ya ɓaci, mota ce za ta ɗauke ka.

Hanyar ta fi jirgin muhimmanci

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da mutum zai duba, taswirar tafiyar zan ce. Westerdam ya yi ta gararamba a tekun Asiya cikin Fabrairu 2020, Japan ta ƙi shi, Filifin ta ƙi, Tailan ta ƙi, alhali ba a tabbatar da ko mutum ɗaya mai cutar a cikinsa ba a lokacin. Sai Kambodiya ce ta karɓe shi ranar 13 ga wata. Zaandam ya fi shan wuya. Ya tashi daga Buenos Aires ranar 7 ga Maris, tashoshin Kudancin Amurka suka rufe masa ƙofa ɗaya bayan ɗaya, mutum huɗu suka rasu a ciki kafin a bar shi ya ratsa mashigin Panama, bai sami sauka ba sai 2 ga Afrilu a Florida.

Kafin mu zagi ƙasashen nan, mu tuna da Ruby Princess. Ranar 19 ga Maris 2020 hukumar lafiyar jihar New South Wales ta Ostareliya ta bar fasinjoji kusan 2,700 suka sauka a Sidni tun sakamakon gwajin wasu marasa lafiya bai fito ba. Suka watsu cikin ƙasa, ɗaruruwa suka kamu, mutum 28 suka rasu. Kwamitin bincike ya ɗora wa hukumar laifi mai nauyi, daga baya a 2023 kotun tarayya ta sami kamfanin ma da sakaci. Duk jami'in tashar da ya ga wannan, gobe in jirgi ya tunkaro da mai tari a ciki, ka san amsar da zai bayar. Mu da muka tashi da hadisin da ya hana shiga garin da ake annoba da fita daga cikinsa bai kamata abin ya zo mana da mamaki ba.

Yanzu kwatanta da abin da Singafo ta yi a ƙarshen 2020. Jirgi ya tashi daga Singafo, ya yi kwana biyu zuwa huɗu a teku bai tsaya ko'ina ba, ya dawo Singafo. Mazauna ƙasar kaɗai ke hawa, rabin adadin da jirgi ke ɗauka, kowa da gwaji. A Disamba aka sami wani dattijo ɗan shekara 83 da gwajin cikin jirgi ya nuna ya kamu a Quantum of the Seas. Nan take aka ce kowa ya koma ɗaki, jirgi ya juya gida, motar asibiti tana jira. Da aka sake gwada shi a tudu ma aka ga ba ya ɗauke da ita. Babu roƙon wata ƙasa, babu gararamba, don tun kafin a tashi an san ƙofar da za a koma. Wani abin sha'awa, World Dream, jirgin da ya buɗe wannan tsari a Nuwamba 2020, shi ne Saudiyya ta saya ta sake wa fasali ta sa masa suna Aroya, ya fara tashi daga Jidda a Disamba 2024.

Mu kuma muna da ƙarin matsalar da Bature ba shi da ita, wato fasfo. Tafiyar da za ta ratsa ƙasa biyar tana nufin hukuma biyar da kowacce za ta iya canja doka cikin dare ɗaya. In aka sauke mara lafiya a tashar ƙasar da ba shi da bizarta, shi asibiti zai karɓe shi, amma ɗan rakiyarsa fa? Sannan sauka daga jirgi ba isa gida ba ne. Najeriya ta rufe filayen jiragen samanta ga jiragen ƙetare ranar 23 ga Maris 2020, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba, Nijar ma ta rufe nata cikin Maris ɗin. Da sabon nau'in korona mai suna Omikron ya ɓulla a ƙarshen 2021, Birtaniya ta jefa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta yi wa shinge, Saudiyya ta dakatar da jirage daga Najeriya. In ana rufe ƙofa, mu ake fara rufe wa. Don haka bizar da za ta ƙare washegarin saukarka daga jirgi ba biza ba ce a lokacin annoba. Ka kuma riƙe katin rigakafin shawara a jakar hannu, domin Afirka ta Kudu da Masar da Saudiyya duk suna neman sa daga mai fitowa daga ƙasashenmu.

Matakan da ake tallatawa, da nauyin kowanne

Kowane kamfani zai nuna maka shafi guda cike da matakai. Ba nauyinsu ɗaya ba.

Auna zafin jiki a bakin ƙofa shi ne mafi rauni. Greg Mortimer ya isa hujja, a Diamond Princess ma kusan rabin waɗanda suka kamu ba su da wata alama lokacin da aka gwada su. Gwaji kafin hawa ya fi shi nesa ba kusa ba, amma hoton rana ɗaya ne: wanda ya kwashi cutar jiya a filin jirgin sama, gwajin yau ba zai gan ta ba, SeaDream ta shaida. Gwajin da ake maimaitawa a tsakiyar tafiya, musamman ga ma'aikata, shi ne mai ma'ana.

Rigakafi kuwa sai a fahimci aikinsa. Amurka ta hana jiragen nan tashi tun 14 ga Maris 2020, katafaren jirgi na farko da ya sake tashi daga tasharta da fasinjojin da suka biya kuɗi shi ne Celebrity Edge ranar 26 ga Yuni 2021, kusan kowa a ciki da rigakafi. Abu ya yi ta tafiya lami lafiya har Omikron ya zo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ƙirga mutum 162 da suka kamu a jiragen a makonni biyun farkon Disamba 2021, makonni biyu na gaba suka zama 5,013, har ta shawarci kowa ya dakata da hawa ko da ya yi rigakafi. Amma ba a sake ganin mace-mace irin na 2020 ba. Rigakafi bai hana cutar shiga jirgi ba, ya dai hana ta cika ɗan asibitin jirgin.

Man goge hannu da ake jerawa a kowace kusurwa yana da amfaninsa, sai dai cutar da ta fi addabar jiragen nan tun kafin korona ita ce ƙwayar noro mai sa amai da gudawa, ita kuwa ba ta jin wannan man sosai. Sabulu da ruwa ne maganinta. Jirgin da ya kafa famfo da sabulu a ƙofar zauren abinci, ya sa ma'aikaci yana zuba wa mutane maimakon kowa ya kama ludayi, ya fi wanda ya cika lungu da kwalabe. In jirgin yana taɓa tashoshin Amurka akwai ma hanyar bincikarsa kyauta: jami'an CDC kan faɗa masa ba sanarwa sau biyu a shekara, su duba kicin da ruwan sha da wurin ninkaya, su ba shi maki bisa 100. Ƙasa da 86 faɗuwa ce, kuma sakamakon yana intanet da sunan jirgin.

Sai iska, wadda ita ce aka fi raina wa a farkon annobar ana ta goge ƙarfen bene. Cutar numfashi a rufaffen wuri take cin kasuwarta. Ka tambaya ko iskar ɗakinka daga waje take zuwa ko ana gauraya ta da ta wasu ɗakuna, da irin matatar da ke cikin na'urar. In dillali ya yi shiru, ya tambayo kamfani a rubuce.

Wannan ya kawo mu kan ɗaki. Mafi araha shi ne na can ciki, babu taga sam, in ka kashe fitila ba ka san dare ba ka san rana ba. A lokacin lafiya babu laifi, kwana kawai kake yi a ciki. A Diamond Princess masu irin wannan ɗaki sai bi da bi ake fito da su saman jirgi su sha iska na ɗan lokaci da takunkumi a fuska, a mayar da su. Mai baranda kuwa yana buɗe ƙofa ya sami iska da rana duk lokacin da ya so. Ka ɗauka a ranka za a iya kulle ka kwana 14 a ɗakin da ka biya, sannan ka zaɓa.

Abu ɗaya da tsoron cuta bai kamata ya sa ka tsallake ba shi ne atisayen gaggawa na ranar farko. Tun bayan da Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairu 2012 mutum 32 suka rasu, aka wajabta yin sa kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Yanzu jirage da yawa a waya ko talabijin ɗin ɗaki ake kallon bayanin, sai ka taka ka ga wurin taruwarka. Ka taka ɗin, ka kai tsohuwarka ta ga hanyar da ƙafarta.

Kuɗi

Asibitin jirgi ba kyauta ba ne, a dala ake rubuta maka, kuma kwashe mara lafiya daga teku zuwa tudu yana iya cin abin da ya ninka kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Inshorar da ake saya don neman biza sau da yawa ba ta ɗauke wannan. A 2020 mutane da yawa sun buɗe takardarsu suka tarar an cire annoba daga abin da za a biya. Ka nemi wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, kwashe mara lafiya, kuɗin otal na killacewa, da ciwon da mutum yake da shi tun da, kamar suga. Ka kuma duba abin da kamfani zai yi in an soke tafiya ko gwajinka ya nuna ka kamu a bakin tasha: kuɗinka zai dawo, ko takardar bashi za a ba ka ta wata tafiya nan gaba? Wannan ya shafi lafiyar kowa, domin wanda ya san in ya faɗi gaskiya kuɗinsa ya nutse, ɓoye tarinsa zai yi ya hau.

Abin da na gaya wa Yaya

Na ce masa in sabuwar cuta ce ta ɓulla, ba a san kanta ba, babu rigakafi, ƙasashe sun fara rufe iyaka, to babu ɗaya cikin ukun da ya dace da Hajiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kama mata otal a bakin teku ta kalli ruwa daga tudu.

In kuwa cutar an santa, an yi rigakafi, asibitoci ba su cika ba, katafaren jirgi nake zaɓa mata, amma da sharaɗi: gajeriyar tafiya ta kwana uku zuwa biyar, ta tashi daga tasha ɗaya ta dawo tashar, a ƙasar da take da biza mai sauran kwanaki da jirgin sama kai tsaye zuwa gida. Ɗaki mai baranda. Abinci a zauren da ake kawo wa mutum a tebur ko a fili, a bar lif in ya cika, a tafi da maganinta na ƙarin mako biyu a jakar hannu tare da takardar likita. Na Nilu shi ne na biyu, kuma in likitanta ya ce jikin ya yi daidai ban ga laifinsa ba. Ƙaramin da Yaya ya fi so, mai doguwar tafiya, shi na sa a ƙarshe.

Ya yi shiru, ya ce, "To ai ka juya mini lissafin gaba ɗaya." Ya tura wa dillalin tambayoyi huɗu a rubuce: likita nawa ne a jirgin, ina ake kai wanda aka killace, wa ke biyan otal in an sauke mutum a hanya, kuma kuɗi ake mayarwa ko takarda. A kan katafaren jirgin amsa ta zo washegari. A kan ƙaramin sai da aka yi mako, ta zo da amsar biyu.

Saura batun ɗaki, don bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne, Yaya yana ta jan ƙafa. Ranar Juma'a muka je gaishe da Hajiya, ya nuna mata hotunan biyu a waya, yana bayanin cewa na cikin ma yana da kyau, ga gado ga talabijin. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ta juya ta, ta ce, "Ina tagar?"

"Babu, Hajiya. Amma ai kwana kawai za ki..."

"To ta ina zan ga rana ta faɗi in san magariba ta yi? In wannan ne ku bar ni a ɗakina."

A nan zaune Yaya ya kira dillalin ya ce a sa mai baranda.